Ranar da Ɗiyar Fari Ta Tambaye Ni Aikina

A ajin yaƙi da jahilci da ƙarfi aka koya mana karatu. Malamarmu takan ce a ɗora yatsa ƙarƙashin kalma, a buɗe baki a faɗe ta kowa ya ji. Na shiga ajin ina da 'ya'ya huɗu, kuma har na fita ban iya karatu da ido kawai ba. Ko rubutun jikin buhu ne, sai leɓɓana sun motsa. Shi ya sa ranar da aka miƙo mini takardar nan ta taga a kamfanin da nake aiki, na zauna a bakin rumfa na fara karanta ta a fili, mata suna ji. Tambayoyi huɗu ne, da Hausa aka buga su. Mene ne aikinka a wannan kamfani? Wa ke ba ka umarni? Me ke hana aikinka tafiya? Me kake so a gyara? Yatsana ya gangaro ƙasa inda aka rubuta shugabar sashen ma'aikata, ga suna a gefe. Bakina har ya ɗauki harafin farko. Na haɗiye shi, na yi tari, na ninke takardar na sa a haɓar zane.

Sunan ɗiyata ne ta fari.

A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. A cikin gari wasu sun sassauta tun a lokacin, amma ni uwata Bafillatana ce daga wajen Zagga, kuma yadda ta yi da yayanmu haka na tashi na gani. Da aka yaye yarinyar, ƙanwar ubanta ta zo daga Birnin Kebbi ta goya ta suka tafi. Ina cikin ɗaki ina tankaɗe, ban fito ba, don in na fito za a yi mini dariya. Can ta girma, can ta yi boko har ta ƙure shi. Takan zo da salla. Tana kirana Adda, kamar yadda ƙannena ke kirana, don goggonta ce Innarta. In ta gaishe ni sai in amsa ina kallon randa. In ina son ta ci abinci sai in ce da ƙanwarta, "Ki gaya wa baƙuwarku tuwo na hucewa." Kusan shekara talatin muna haka. Babu wanda ya ga laifi, ni ma ban gani ba.

Kamfanin na casar shinkafa ne, a bakin garin Bagudo, kan hanyar da ke miƙewa zuwa iyakar Benin. Na fara aiki a can bayan rasuwar maigidana, wanda masunci ne. Da shari'a ta zo, mai kamfanin ya sa aka ja katanga tsakanin wurin maza da na mata, aka bar ƙofa ɗaya da taga ɗaya. Maza na can da inji da sito da motoci. Mu muna nan da gangunan turara shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, da filin siminti na shanya, da faya-fayan tsince tsakuwa. Sai aka bukaci mace da za ta riƙe wannan ɓangare, wadda in an miƙo takarda za ta gane abin da ke ciki. Ni kaɗai ke da shaidar yaƙi da jahilci. Haka na zama ɗaya daga cikin manyan kamfani shida, ana ce mini uwar mata.

Shida ne a baki. Biyar su ke zama a ofis ranar Litinin su yi shawara, ni kuma abin da suka yanke ya iso mini ta taga. Matan ma tun da aka ba ni littafin rubuta wadda ta makara, in na doso sai hira ta mutu. Ba su ƙi ni ba, suna dai tsoron littafin. Abincin rana ni kaɗai nake ci a ƙarshen rumfa, ina kallon tsuntsaye na sauka kan shanya. In na koma gida kuma babu kowa. Sauran 'ya'yan duk sun yi aure, ta kusa ita ce ta Kurgu. Mutum ɗaya ce ba ta damu da littafina ba, wata tsohuwa 'yar Lolo mai hura wutar ganguna. Hausarta da Dendanci a ciki, bakinta kuma ba ya ajiye magana. Ita ce ƙawata.

Abin da ya kawo ɗiyar tawa shi ne shinkafarmu ta kama kakkaryewa a inji. Masu saye a kasuwar Lolo suka fara juya buhu suna tsaki. Babban makanike ya ce laifin mai sito ne, mai sito ya ce laifin shugaban direbobi ne, har aka daina gaisawa da kyau bayan salla. Mai kamfanin ya gaji, ya buɗe sabon ofis na kula da ma'aikata, ya ce a kawo wanda zai zauna da kowane babba ya ji mene ne aikinsa, ina ya fara, ina ya ƙare. Yana da wata harka a Birnin Kebbi inda take masa aiki, sai ya ɗauko ta daga can. Ya ba ta wa'adin wata ɗaya. In ta kawo masa abin kamawa, ofishin ya zauna, ita ma ta zauna. In babu, ta koma inda ta fito.

Ba a gidana ta sauka ba. An ba ta ɗaki a gidajen kamfani. Ranar da ta iso ta zo da la'asar ta durƙusa a ƙofar ɗakina ta gaishe ni, na amsa wa randa kamar kullum. Da ta fita sai na leƙa ta kafar zana, na bi bayanta da kallo har ta sha kwana. Tafiyar ubanta take yi, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. A raina na ce, in ta zauna garin nan, ko ba mu yi magana ba, zan riƙa ganin tafiyar nan kullum. Ban taɓa samun ko wata ɗaya cur ina gari ɗaya da ita ba tun yaye.

Washegarin rabon takardu babban makanike ya zo taga. Tsoho ne mai barkwanci, abokin marigayi maigidana, hannunsa kullum baƙi da man inji.

"Uwar mata, kin ga jarabawar da ɗiyarki ta ba mu?"

Na ce, "Na ga takarda."

"To mu dai mun gama shawara gindin darbejiya. Sai godiya, shi munka ce kowa ya rubuta. Ranar sunanta hwa ni na riƙe ragon da anka yanka. Yau ita ce za ta tambaye ni mi ne ne aikina? Aikina riƙe rago!"

Ya yi dariya har da buga katanga. Sannan ya rage murya.

"Ke hwa? Ko ke za ki kai ƙararmu, tunda gida ne?"

Na ce, "Ni mi na sani, Malam?"

"Madalla. Mun san ki da kunya."

Ba mugunta ce ta sa suka yi haka ba. A wurinmu in na gaba da kai ya ce yaya aiki, amsa ɗaya ce, da godiya. Wanda ya zauna gaban tebur ya lissafa abin da ke damunsa, ya zama mai ƙorafi, kuma duk abin da ya faɗa sunan wani zai fito a ciki. Sai kuma ga shi mai tambayar mace ce, yarinya. Takardu biyar suka koma mata, kowacce da layi ɗaya. Tawa ba ta koma ba sam. Tana cikin kwallata, ƙarƙashin zannuwa. Nakan ciro ta da hantsi ranar da babu aiki, in riƙe fensir, in rasa yadda zan fara. Duk abin da na rubuta, ita zan rubuta wa.

Da takardu suka ƙi, sai ta koma kiran mutum ɗaya-ɗaya. Ni ce ta ƙarshe. Ranar ce na fara shiga ta ƙofar katangar nan zuwa ofis. Na ja mayafi, na ratsa gaban sito kaina a ƙasa. Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya, kujera biyu, da fanka mai ƙara. Tana ganina ta miƙe tsaye ta ja mini kujera. Na zauna a ƙasa kusa da ƙofa, na juya gefe ina kallon kalandar da ke bango. Sai ita ma ta sauko ƙasa da littafinta.

"Adda, ina wuni."

Na ce wa kalanda, "Lahiya lau."

"Nan ofis ne, Adda. Shugabar sashen mata na kira. Ina son in ji mene ne aikinki daga safe zuwa tashi."

Amsar na cike da bakina. Na san inda shinkafar nan ke lalacewa kamar yadda na san hanyar gidana. Amma wuyana ya ƙi juyawa. Ina jin muryar uwata a kunne, ina kuma jin ta makanike, mun san ki da kunya. Na kuma ba kaina hujja cewa in na yi magana za su ce uwa da ɗiya sun haɗa baki, su ƙara tsanarta. Na ce shirun nan kariya ce gare ta.

Na ce, "Aiki da godiya."

"Babu abin da ke hana shi tafiya?"

"Sai alheri."

Fanka na ta ƙara. Ta jira, ta jira. Ina ganin ƙafarta ta gefen ido, babban yatsan na motsi cikin takalmi. Daga baya na ji ta rufe littafin a hankali.

"Shi ke nan. Kin cika shida."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma da faɗa ne. Na tashi na fito, na koma bayan katanga, na ɗauki matankaɗi na yi ta juya shanyar da ba ta bukatar juyi.

Tun zuwanta nake dafa abinci har da nata, in ba ƙawata ta kai mata ba tare da an ce daga ina ba. Ƙawar ce ke kawo mini labari. Ta ce ba wanda ke shiga ofishin. Ta ce takan tarar da ita zaune da takardu biyar ɗin a gabanta, tana kallon taga. Matan gari na jin nauyinta don 'yar boko ce, mazan kamfani kuma in ta wuce sai su ɗaga murya, "Ranki ya daɗe, sai godiya!" su kwashe da dariya.

Sai na yi dabara irin tamu. Na sami tsumma mai tsabta na yaga biyu. A ɗaya na ƙulle shanshera da aka kwashe daga shanya ba ta gama bushewa ba, irin wadda ake kai wa inji yanzu. A ɗayan na ƙulle wadda ta bushe yadda ya kamata. Na ɗora ƙullin biyu a kan murfin kwano na ba ƙawata. Da uwata aka aika wa wannan, kafin ta kwance na biyu ta gane maganar. Na wuni ina kallon ƙofar katanga.

Da yamma ƙawata ta dawo da kwano tana riƙe ciki don dariya.

"Ta ce a yi miki godiya. Ta haɗe su wuri ɗaya, ta watsa wa kajin maigadi!"

Na ce, "Ba ta duba ba?"

"Ta duba mi? Kin aika wa 'yar Birni magana cikin ƙulli? Wannan ko buhu kinka aika mata, sai ta nemi inda anka rubuta bayani. Ke dai Allah ya ba ki baki, kin mai da shi wurin ajiyar goro."

Na yi dariya don ta yi, amma da na isa gida ban iya cin tuwo ba. Ba laifinta ba ne. Wa zai koya mata karanta ƙulli? Wadda ya kamata ta koya mata tana cikin ɗaki tana tankaɗe ranar da aka tafi da ita.

Wata ya zo ƙarshe. Ranar Talata makanike ya leƙo taga, ya ce mai kamfani zai zo Jumma'a, kuma yarinya ta riga ta fara haɗa kaya. Bai yi dariya sosai ba wannan karon. Ya ce, "Yarinyar kirki ce hwa, aikin ne ba na nan ba." Na ce haka ne. Na koma na zauna a ƙarshen rumfa. Laraba ta wuce ban ciro takardar ba.

Ranar Alhamis da azahar mata suka tafi salla a ɗakin da aka ware mana. Ni na riga na yi tawa, na tsaya gadin shanya saboda awaki. Ƙawata na kusa da ni tana ɓare gyaɗa. Rana ta take, siminti na ƙona ƙafa. Sai ƙofar katanga ta buɗe, ta shigo. Ba ta taɓa shigowa ɓangarenmu ba. Littafin na hannunta, ina jin don ta saba ne kawai ta riƙo shi. Ta zo ta durƙusa nesa kaɗan.

"Adda, na zo sallama. Gobe in an sauko masallaci zan bi motar Alhaji mai kamfani."

Na juya wurin ƙawata, don ta bakinta zan amsa, in ce ki gaya wa baƙuwa Allah ya kiyaye hanya. Sai na ga tsohuwar ta tattara gyaɗarta ta miƙe. Na kama gefen zanenta. Ta fizge.

"Sake ni. Ni ba bango ba ce, ba randa ba ce. Wutata na mutuwa."

Ta tafi wurin gangunanta, can ƙarshen fili, ta ba mu baya.

Muka rage mu biyu. Babu kalanda, babu randa, babu ƙanwa. Shinkafa ce kawai shimfiɗe a gabanmu, da inuwarta da ta faɗo kusa da ƙafata. Na ga inuwar ta motsa za ta tashi. Ban yi shawara da kaina ba. Hannuna ne ya kai kan shanyar gabas, wadda aka baza da safe, ya ɗauko ƙwaya ɗaya, ya murje ɓawon, ya miƙa mata.

Na ce, "Ciza."

Kalmar da na fara faɗa mata ke nan a duniya, ita da kanta, ba ta bakin kowa ba. Na sha tunanin in Allah ya kawo ranar me zan ce. Ban taɓa kawo wannan ba.

Ta karɓa ta sa a baki.

"Mi kinka ji?"

"Ta lotsa. Kamar danƙo."

Na matsa na ɗauko wata daga tarin da ya gama bushewa aka ajiye cikin inuwar rumfa tun jiya.

"Wannan hwa?"

Ta ciza, na ji ƙarar daga inda nake. Ta ce, "Ta ce ƙas."

"To ita ce ta isa shiga inji."

Daga nan bakina ya buɗe. Ban kalle ta ba, shinkafar nake kallo, amma da ita nake. Na gaya mata shanshera in an turara ta, rana ba ta gama busar da ita. Rana na busar da bayanta ne, cikin na nan da laima. Dole a tara ta a inuwa ta kwana ta huce, a sake baza ta, sannan haƙori ya gwada. Na gaya mata da can, kafin a ja katanga, makanike da kansa ke zagayowa ya ciza, in bai ji ƙas ba ba ya tayar da inji. Da aka ja katanga ya daina shigowa, kuma ba a ce wa kowa ga wanda ya gaji cizon ba. Yanzu shugaban direbobi na son kaya su kama ranar kasuwar Lolo, sai ya matsa wa mai sito. Mai sito ya zo taga ya ce a tura buhu kaza kafin la'asar. Ni kuma umarni ne ya zo ta taga, sai in sa a kwashe.

Na ji takarda na motsi. Ta buɗe littafin a kan gwiwa tana rubutu da sauri.

"Kina sane ba ta bushe ba kike turawa?"

"Ina sane."

"Ba ki taɓa faɗa ba?"

"Ba a taɓa tambayata ba. Taga ta miƙo magana ce, ba ta karɓa ba."

Ta yi ta tambaya ina amsawa. Mata nawa ke kan ganguna, wa ke cewa a sauke, in hadari ya taso wa ke da ikon tsayar da aiki. Wasu tambayoyin sai da ta yi su na lura ban san amsarsu ba, ni da na shekara goma sha ina wurin. Mata suka fara fitowa daga salla, suka gan mu, suka tsaya cirko-cirko a bakin ɗaki. Ina jin idanunsu a bayana. Amma ban tsaya ba, don na san in na tsaya ba zan sake farawa ba.

Daga ƙarshe ta ce, "Saura ɗaya. Me ya fi miki wuya a aikin?"

Wannan ba ta cikin takarda. Na daɗe ina juya ƙwaya a tafin hannu.

Na ce, "Cin abincin rana."

Ba ta rubuta ba. Ta ce, "Ni ma ni kaɗai nake ci. Na san kwanon, Adda. Tun ranar farko na gane miyar."

Wata akuya ta shigo shanya, na tashi na kore ta, na daɗe ina korarta fiye da yadda ya kamata.

Abin da ya biyo baya ƙawata da makanike ne suka ba ni labari. Da la'asar ɗin nan ta ɗebi shanshera daga tarin biyu, ta tafi ɗakin inji, ba ta kira kowa ofis ba. Ta miƙa wa makanike ta ce, "Baba, an ce wai da can kai ke gane wadda ta bushe. Ni na kasa. Nuna mini." Ya ce shi za a gwada? Ya ciza, ya tofar, ya kama faɗa, wannan ai ɗanya ce, wa ya ce a kawo masa wannan? Kafin ya ankara ya yi mata bayanin aikinsa kaf, har da abin da ba ta tambaya ba. Mai sito ya ji ana ambatonsa ya fito kare kansa, shugaban direbobi ma haka. Ta tsaya a tsakiyarsu cikin ɓuntu tana rubutu. Makanike ya ce mini daga baya, "Uwar mata, ɗiyarki ta yi muna wayo. Mun rantse ba mu magana gaban tebur, sai ta bar teburin."

Jumma'a motar Alhaji ta koma babu ita. Aka yanke cewa buhu ba ya ƙetare katanga sai na ce ya bushe, kuma ranar Litinin aka riƙa ajiye mini kujera a bakin ƙofar ofis, daga waje kaɗan, inda zan ji kuma a ji ni.

Ban fita lafiya ba. Kafin mako ya zagayo magana ta kai Zagga. A wani suna da na je, wata ƙanwar uwata ta ce a gaban mutane, "Ga wadda ke hira da ɗiyar fari tsakar rana." Aka yi dariya, wasu tsofaffi kuma ba su yi ba, suka kawar da kai. Har ta rasu ba ta sake sakin jiki da ni ba. Na ji ciwon wannan, kuma ban iya cewa ta yi ƙarya ba.

Ita kuwa ta riƙa shigowa ɓangarenmu da azahar, ba kullum ba, ta zauna a ƙarshen rumfa da kwanon da na aika mata. Ba kwano ɗaya muke ci ba. Tana nan, ina nan, tsakaninmu kamar taku uku, dukanmu muna fuskantar shanya. Maganarmu ba ta wuce shinkafa da hadari da wadda ta haihu cikin mata. Akwai abubuwan da na so in tambaye ta, ko goggonta ta taɓa dukanta, ko ta yi kuka a hanya ranar da aka tafi da ita, wa ya yi mata kitson sallar farko. Na ce sai mun saba. Damina biyu ta yi a Bagudo, sannan aure ya ɗauke ta zuwa nesa, aka kawo wani namiji ofishin. Ba mu kai ga sabawar ba.

Yanzu na bar aiki. Haƙoran ma da nake gwaji da su saura kaɗan. Takan kira ni a waya ranar Jumma'a, ta ce, "Adda, yaya gida?" in ce lahiya lau, in tambaye ta yara. Wayar ta fi mini sauƙi, don babu inda za a kalla.

Takardar na nan cikin kwalla, ban cika ta ba har yau. Nakan ciro ta in na gama sallar walaha, gida shiru. Tambayoyin huɗu ina karanta su a fili kamar yadda aka koya mini. In yatsana ya iso ƙasa sai in rufe baki, in bi haruffan ɗaya bayan ɗaya da ido. A nan kaɗai na iya irin wannan karatun.